Koriyar Akori-kurar Mas'ud

Ranar da Mas'ud ya fara ganin Shafa'atu, motarsa ce ta kunyata shi. Awa uku kenan da sayenta a Sabuwa, wata tsohuwar fijo akori-kura da ta girme shi nesa ba kusa ba. Ya kamo hanyar Kankara yana ji da kansa, sai ga tururi na tashi daga gaba daidai shigarsa Faskari. Lagireto ya ƙafe ƙaf.

Ya yi sallama a gidan da ya fi kusa. Ita ce ta fito da bokiti, cikin hijabi ruwan toka. Ta dube shi, ta dubi motar, ta tambaye shi ko saye ya yi ko kau gado ya ci. Ya ce saye. Ta ce to, Allah ya ba shi haƙuri.

Mas'ud bai san lokacin da ya yi dariya ba. Ya ɗura ruwa, ya yi godiya, ya tafi, amma rabin hankalinsa ya bari a ƙofar gidan nan. Bayan mako guda ya dawo, wai lagireto ya sake ƙafewa. Ta buɗe murfin da kanta, ta ga ruwa cike taf. Ta ce masa ƙaryarsa ma tsohuwa ce kamar motarsa, sannan ta ba shi lambarta.

Shekara shida ya yi yana acaɓa kafin ya mallaki motar nan, don haka son da yake mata ba ƙarami ba ne. Mai ita na farko, wani tsohon ɗan hatsi, ya ƙara mata sifirin har bayanta ya ɗaga sama, ya kuma sa mata hon ɗin babbar mota. Mas'ud ya yi mata koren fenti, ya sa aka ɗora ƙarfen tamfol, ya tsawaita bodin da katako don ya riƙa cin ƙarin buhu biyu. Burinsa kawai ya riƙa kwaso masara da dawa daga Yargoje da Mabai zuwa kasuwar Kankara, ya tara abin aure.

Kowace Juma'a bayan la'asar yana Faskari wurin zance. Yayanta Sanusi, manomi ne mai yawan barkwanci, tun ba a je ko'ina ba ya fara kiransa suruki, yana hawa bayan motar yana ce mata Hajiya Babba. Sauran kwanakin kuma sai waya.

"Sanyin lagiretona, yau na wuce Mabai da buhu goma sha huɗu. Duk ramin da na faɗa sai na kira sunanki."

"Direbana, ka riƙa kiran sunan Allah dai. Ni ba na fitar da mota daga rami. Ka ci abinci?"

Da shekarun sun bar su, da labarin ya tsaya a nan. To, ba su bar kowa ba.

Wata safiyar kaka 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye can bayan Mabai. Aka zo tasha neman motar da za ta kwaso waɗanda aka kashe. Masu ƙananan motoci suka ce hanyar ta fi ƙarfinsu, kuma gaskiya suka faɗa. Masu manya suka sunkuyar da kai. Mas'ud ya duba ya ga dattijon da ya zo neman taimakon ko takalmi babu a ƙafarsa, sai ya tada mota.

Mutum bakwai ya ɗauko. Katakon nan da ya ƙara don buhunan masara, shi ya sa ƙafar kowa ba ta leƙo waje ba. Sau uku ya wanke bodin a ranar, bai iya cin tuwo ba sai washegari.

Daga nan lambarsa ta bazu. Duk inda abu ya faru, daga Kankara har gefen Faskari, shi ake kira, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Wasu masu hatsi suka daina ba shi lodi. Yara suka daina bin motar da gudu. Sunanta ma ya canza a bakin mutane, ta koma motar gawa.

Abin da ya ɓata komai ya faru wata Juma'a. Ya shigo unguwarsu Shafa'atu ya danna hon kamar yadda ya saba. Wata maƙwabciyarsu da mijinta ya fita gona tun safe ta leƙo, ta ga koriyar mota ta tsaya, sai ta zube a ƙofar gida tana kiran sunan mijin. Mata suka fito da salati. Mijin kuwa lafiyarsa ƙalau, yana can yana shukar dawa.

A ranar Malam Gide, mahaifin Shafa'atu, ya kira shi zaure. Dattijo ne marar hayaniya, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san aikin lada Mas'ud yake yi, ba ya kuma zarginsa da komai. Amma shi uba ne. Hanyoyin da motar nan ke bi, wata rana ba za ta dawo da direbanta ba.

"Ban haifi ɗiyata don ta yi takaba tana da shekara ashirin ba," in ji shi. "Ka rabu da motar nan. In ka sake ɗaukar gawa a cikinta ko sau ɗaya, ba kai ba Shafa'atu."

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Bilya, mai shagon waya a Funtua, yaro mai hankali, da motarsa fes mai sanyi. Iyayensa har sun zo gaisuwa. Mas'ud ya hango motar a ƙofar gidan wata rana, ya juya bai tsaya ba. Kishi ya ci shi, ya kwana huɗu bai kira ta ba. A rana ta biyar saƙonta ya shigo.

"In fushi kake yi don Bilya, ka ɓata fushinka, ko gaisuwar kirki ba na amsa mashi. Amma Baba bai yi ƙarya ba. Duk ranar da wayarka ta ƙi shiga ba na iya haɗiye ruwa. Ka sayar da ita, Direbana. Kai nake so, da mota ko ba mota."

Ya karanta ya fi sau goma. Ya zauna a bayan motar yana shafa katakon, ransa a jagule. Yana son motar, yana jin nauyin mutanen da ke kiransa, amma Shafa'atu ta fi. Ya kira Muhammad Auwal, ɗan tsohon da ya sayar masa, wanda dama ya daɗe yana son motar ubansa ta dawo gida. Suka shirya ranar Alhamis zai kai ta Sabuwa.

"Na zaɓe ki, Sanyina. Ran Alhamis Hajiya Babba za ta koma gidansu. Ki gaya wa Baba."

Damina ta riga ta sauka a lokacin. Ranar Alhamis ya fito da hantsi, yana tafiya a hankali kamar mai rakiya. Ya yi nisa, har ya bar mararrabar Faskari a baya, sai wayarsa ta yi ƙara. Kira ne ya ƙi shiga, saƙon Shafa'atu ya samu hanya.

"Sun harbe Yaya Sanusi a gona, shi da mutum biyu. Ba wanda zai je. Baba ya ce da ƙafa zai tafi. Na san abin da ya faɗa maka, na san abin da za mu rasa. Ka zo."

Ya tsaya gefen hanya. Sanusi mai dariya. Ya san in ya juya, aurensa ya juya ke nan. Bai fi minti ɗaya yana wannan tunanin ba.

Ya iske Malam Gide a bayan gari, ya kama hanyar daji, zanen rufa a naɗe a hammata, 'yan uwa biyu na biye da shi suna roƙonsa ya koma. Mas'ud ya tsaya ya buɗe ƙofa. Dattijon ya daɗe yana kallon motar kafin ya shiga. Sauran suka hau baya.

Sun yi tafiya mai nisa. Taɓo ko'ina, ga wani kwazazzabo da ruwa ya ci, wanda ba don bayan motar a ɗage yake ba da nan za su kwana. Da suka haye, Malam Gide ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Maganata tana nan, Mas'udu. Ban janye ba."

"Na sani, Baba."

Suka same su a bakin kunyar gona, fartanyar Sanusi na gefensa. Ba a tsaya kuka ba, don ba wanda ya san ko mutanen na kusa. Aka shimfiɗa su ukun a kan katako. Da za a dawo, Malam Gide ya ƙi shiga gaba. Ya hau baya ya ɗora kan ɗansa a cinya, yana tare shi da hannu duk ramin da aka faɗa. Mas'ud na ganinsa ta madubi, hawaye na hana shi ganin hanya. Kafin magariba an yi musu sutura.

Kwana uku ya yi yana zuwa zaman makoki, yana zama can gefe, ya yi addu'a ya tashi. Ya kira Muhammad Auwal ya ba shi haƙuri, ya ce motar ba ta sayarwa kuma. Tunda ya rasa Shafa'atu, gara ya riƙe aikin da ya rasa ta dominsa. Saƙo ɗaya ta aiko masa a duk tsawon lokacin: "Allah ya saka maka. Ka yafe mani." Ya yi ta rubuta amsa yana gogewa har ya haƙura. Ya rame, ya daina hira a tasha.

Bayan an yi arba'in, wata ranar kasuwa, yana ɗaure lodi sai ya ji sallama a bayansa. Malam Gide ne, shi kaɗai, ya biyo motar haya tun daga Faskari. Mas'ud ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya zauna a bakin katakon.

Ya ce ranar nan mutum goma sha ɗaya ya buga wa waya, har da Bilya. Kowa ya ba shi uzuri, kuma bai riƙe kowa a rai ba, don rai ba abin wasa ba ne. Mutum ɗaya ne bai kira ba, saboda kunya, kuma shi ne ya zo.

"Tsorona bai tafi ba," ya ce. "Har gobe ina ganin za ka bar mani ita da takaba. Amma na hana Sanusi tuƙi, na ce noma ya fi kwanciyar rai, ga shi a gonar suka same shi. In ba ni da inda zan ɓoye ta, gara in ba wanda ba zai bar ta a daji ba. Ka turo magabatanka."

Mas'ud ya kasa ɗago kai. Kuka yake kamar ƙaramin yaro, a tsakiyar tasha, bai damu da masu kallo ba.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. "Direbana, an ce ka rame. Ka fara cin abinci tun yau, ba na son ango kamar sanda."

An ɗaura aure bayan kaka, ba kiɗa ba taro, don gidan bai gama share hawaye ba. Tun kafin la'asar aka shirya kai amarya, tunda ba mai bin hanyar Kankara in rana ta faɗi. Dangi sun nemo wata mota mai kyau, suna cewa ai ba a sa amarya a waccan. Malam Gide ya ce a waccan ɗin za ta tafi, kuma angon ne zai tuƙa, ko da ba haka aka saba ba.

Shi da kansa ya kamo hannunta daga zaure, tana lulluɓe tana sheshsheƙa. Ya buɗe mata gaba, ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi. Gwaggonninta suka hau baya da kwanuka da katifa. Sannan ya zagayo wajen Mas'ud, ya dafa ƙofar.

"Ka kawo mani ɗaya a kwance. Ga ɗaya nan a zaune, na ba ka. Allah ya yi maku albarka, ya tsare gabanku da bayanku, ya sa ku tsufa tare."

Unguwa duka ta amsa da amin. Mas'ud ya tada mota. Sai da suka fita gari Shafa'atu ta zaro hannu daga cikin mayafi, lalle ja wur, ta riƙe gefen rigarsa. Ba ta saki ba har Kankara.