Ordinatar da Ta Ƙi Tashi

Ranar da Safiya ta fara ganin Attahir, hannunta na toshe da hanci. Ordinatar, wato kwamfutar ofishin manoman albasa na Tawa inda take aiki, ta ƙi tashi, aka kira shi gyara, da ya kwance bayan na'urar kuwa sai ga mushen ƙadangare ya narke a jikin fanka.

"Tir! Hitar da shi waje, malam!"

Ya fitar yana dariya. Kafin ya tafi ya ƙara wa na'urar wani ɗan tsari: duk safiya sai ta bi abubuwan da take jingine da su, wuta, faifai, madannai, wanda bai farka ba ta faɗi sunansa.

"Wani ba ya tashi sai wani ya riga shi, Safiyata," in ji shi wata rana, don zuwa lokacin ya fi ma'aikatan zuwa ofishin.

Shekarar an daɗe ba albashi, amma so bai san wannan ba. Da Attahir ya ji Kabiru ɗan kasuwar Maraɗi ya fara aiken goro gidansu, sai gaggawa ta ɗebe shi. Ya sa riga, ya tafi shi kaɗai, ya zauna a tabarmar Malam Idi mahaifinta, ya nemi aurenta da bakinsa.

Tsohon ya tofar da yawu gefe.

"Kai daga icce ka faɗo? Ba ka da manya?"

Da labari ya iske Safiya, ko kallonsa ba ta son yi.

"Ka ba ni ƙyama, wallahi. Na'ura ka koya wa ladabi, kai ba ka da shi? Ɗiyar mutane ce ni ko buhun albasa?"

"Tsoro na ji, hasken idona. Kar a riga ni."

"To ga shi ka rufe ƙofar da hannunka."

Attahir bai yi musu ba. Ya hau motar garinsu Takanamat, ya durƙusa gaban baffansa Rashidu, ya sha faɗa har ya gode Allah. Baffan ya nemi limamin unguwa, liman ya nemi kawun Safiya, su uku suka yi sallama a zauren Malam Idi.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi.

"Yanzu na ji sallama. Na ba ku ita."

Bayan girbi aka ɗaura. Safiya na cikin lulluɓi ta ji muryar mahaifinta ta karye wajen addu'a: "Allah shi ba su zaman lahiya, shi sa albarka." Ta ce amin, hawaye na sauka kan lallenta.