Baƙon da Tahira Ta Ce wa Shigo

Ana kiran magariba a Sabon Gari, Illo yana tsakar gida yana naɗe wayoyin aikinsa, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ya ɗaga kai, ba kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, sai shiru.

Illo mai haɗa rezo ne, wato layin sadarwar kwamfutoci, a ofisoshin Maraɗi. Kullum yana cika mutane da surutu wai kwamfutoci sun fi mu ladabi: ɗaya ta nemi magana, ɗaya ta amsa, ta farkon ta ce ta ji, sannan saƙo ya wuce. Haka ma wajen rabuwa. Wadda aka yi wa shiru kuwa, sai ta yi ta maimaitawa. Bawan Allah bai san karatun nan zai biyo shi gida ba.

Kwana bakwai ana jifan nan, uku-uku. Ran na takwas ɗiyarsa Tahira ta daina cin abinci, ta ƙura wa zaure ido. Da uwarta Kubura ta taɓa ta, muryar wani tsoho ce ta fito daga bakin yarinyar. Tsoro ya kama Illo. Ya hau babur ya ɗauko Malam Gado daga Jiratawa.

Malam ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Baƙo. Na yi sallama, yarinyar nan ta ce in shigo, idonta bisa salula. Ba wanda ya ƙara waiwayata. Na yi ta jihwa, kun ƙyale ni."

"To tashi ka tahi."

"Bakin da ya ce shigo, shi za ya yi mani ban kwana. In ba haka ba, da ita za ni."

"Sakam mata harshe."

Tahira ta ja numfashi, da ƙyar ta ce, "Sauka lahiya."

"Na tahi," in ji muryar.

Malam ya fara shafa addu'a, amma Illo ya ga idanunta ba su ƙifta ba. Baƙon yana nan, yana jiran amsar ƙarshe.

"Tahira, ce kin jiya!" in ji Illo.

"Na jiya."

Ta sulale jikin uwarta tana kuka da muryarta ta gaske.

Washegari da magariba aka yi sallama a zaure. Kubura ta buɗe baki, Illo ya damƙe hannunta. Aka sake, aka yi ta uku. Babu wanda ya amsa, babu kuma wanda ya tashi ya leƙa.