Yatsu Huɗu a Ƙofar Mangaza

Ana gab da magariba Halidu ya koma mangazar hatsi, babban ɗakin ajiya na garin Urno, da buhun kayan aikinsa, don ya ƙarasa da wata 'yar matsala da ta hana shi sakat.

Shekarar bayan babban fari ce, kowace tsabar gero da daraja. Halidu ya koyi aikin lantarki a birni, shi ya tsara ƙofar: falle guda na ƙarfe mai zamewa a kan dogo irin na jirgin ƙasa, mayen ƙarfe na wayar da ya naɗa da hannunsa yana janta, batirin kamyo, wato babbar mota, yana ba da wuta. Ka danna maɓalli, ta zame ta tsaya daidai layin da ya ja da alli a ƙasa. Ko allura ba za ta shige ba, balle ɓera. A takarda ke nan. A zahiri kullum sai ta tsaya saura yatsu huɗu.

Tsohuwa Yalwa, wadda kakanninta suka kula da wurin tun kafin a gina masallaci, ta taɓa tare shi.

"Ba a ruhe hatsi ruf a wurin ga, ɗana. Akwai masu shiga da hita. Bar musu hanya."

Ya yi dariya. Mutumin da ya san santimita, ina ruwansa da masu shiga da fita?

Ran nan ya ƙara batir na biyu. Yana cikin ɗaure waya sai matarsa Biba ta iso da ƙwaryar fura, ta shiga ciki don ta ajiye masa a sanyi.

Bai taɓa maɓalli ba. Ƙofar ta zame da kanta, a hankali, ta hau layin allinsa. Ruf.

Ya danna maɓalli. Shiru. Ya fizge waya daga batir, duka biyun, amma mayen ƙarfen bai daina gunji ba. Ya ɗauko ƙarfen ɓamɓare taya, ya bi gefen ƙofar sama da ƙasa. Babu inda zai soka. Shi ya yi ta haka, har tagar baya shi ya sa aka toshe. Jama'a duk suna masallaci.

Daga ciki ya ji daka. Taɓare da yawa, a hankali, tim, tim. Mangazar ba ta da turmi.

Warin jiƙaƙƙen gero da tsohon hayaƙi ya fito ta jikin ƙarfen.

"Halidu," muryar Biba ƙasa ƙasa. "Ba ni ɗai ba ce."

"Tsaya bakin ƙohwa, ina zuwa!"

"Nan suka taru. Suna lalube. Suna taɓa ni."

Ya doki ƙarfen har hannunsa ya fashe. Ya kira sunanta. Ba ta ƙara amsawa ba. Sai ya durƙusa ya fashe da kuka, don iliminsa ya ƙare.

Sanda ta taɓa kafaɗarsa. Yalwa ce.

"Shahe layinka," ta raɗa.

Ya goge allin da hannun riga. Ya aza yatsu huɗu a ƙasa, ya ja sabon layi.

Gunjin ya tsaya. Ƙofar ta ja baya, ta tsaya a kan layin, daidai.

Wani sanyi ya goge ƙwaurinsa ya wuce. Sannan wani. Sannan wani. Ya runtse ido har suka ƙare.

Da ya tura ƙofar da hannu ɗaya, ta tafi. Biba na zaune a ƙasa, idonta a buɗe, ƙwaryar a cinyarta an lashe ta tas.

Ta rayu, amma har ta tsufa ba ta ƙara ɗaga murya ba, kuma ba a rufe ɗakin da take ciki. Halidu ya liƙa guntun ƙarfe a kan dogon, faɗin yatsu huɗu. Duk ƙofar ta yi tsatsa da shekaru, ban da bakinta na wajen hanyar da aka bari, daga ƙasa zuwa gwiwa, wanda kullum yake ƙyalli kamar cokalin da ake ci da shi.