Ruwan Dankali a Kan Tsakuwa

Yammacin wata Talata ne a ƙarshen watan Yuli, lokacin da rana kan daɗe tana jan ƙafa a bayan itatuwa kafin ta faɗi. Gunnel ta sauke tukunyar dankali, ta tsame abin cikinta, ta fito farfajiya da ruwan yana tururi.

Farfajiyar nan abin alfaharinta ce. Tun da gwiwoyin mijinta Torvald suka ƙi, ya rantse ya gama tura injin yankan ciyawa. Suka kwashe ciyawar gaba ɗaya, suka shimfiɗa baƙin ƙyalle, suka zuba tsakuwa a kai, gefe-gefe suka dasa 'yan itatuwan dajinmu na arewacin Sweden, waɗanda ba sa neman taki ko ban-ruwa. Gunnel tsohuwar malamar kimiyya ce, kuma sai da ta ishi kowa a kanti da labarin farfajiyar da ba ta cin ruwa, ba ta cin guba. Mun ji har mun haddace.

Amma ciyawa ba ta da kunya. Wasu 'yan tsiro suka huda ƙyallen kusa da tsohon dutsen da ke bakin shinge. Gunnel ba ta yarda da feshi ba, ruwan zafi ne maganinta. A ƙauyenmu kuwa ko yaron goye ya san akwai mutanen ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, don haka ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai an ɗaga murya an ce, "Na ƙasa, ku kauce!" Kakarta ta yi, uwarta ta yi. Ita ta ce ba za ta tsaya tana gaisawa da tsutsa ba. Ta juye tukunyar a gindin dutsen, bakinta a rufe.

Wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashin tsakuwar, ya yanke. Tsuntsaye suka yi tsit.

Suna cin abinci aka watso tsakuwa a taga. Torvald ya leƙa, ba kowa. Ya zauna, aka sake watsowa. Ta uku a cikin kwanon man shanu ta faɗo, alhali ƙofa da taga duk a rufe suke, kuma da ya taɓa ta sai ya ji zafi.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Gunnel.

Ylva, 'yarsu tilo, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon jinya, ta ajiye cokali a hankali. Ta miƙe, ta fita ba takalmi, ta kwanta a gindin dutsen, ta manna kunne da ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara cin wani abu mai ɗumi ba, ba ta ƙara kiran kowa da sunansa ba. A asibitin birni aka auna ta ciki da waje, aka ce lafiyarta ƙalau. Kwana tara tana ramewa a gabansu, tsakuwa na zuba a rufin kwano duk faɗuwar rana.

A na goma Torvald ya haye kogi ya ɗauko Berit, tsohuwar da ta gaji baƙin littafin tsafin kakanta, wadda Gunnel ta taɓa kira 'yar damfara a gaban ɗalibai. Berit ba ta tada zancen ba. Ta dubi farfajiyar, ta girgiza kai.

"Kun toshe musu sama da ƙyalle. Tsiron nan da kika gani, ta nan suke shan iska."

Ta soke wuƙar ƙarfe a ƙasa tsakaninta da Ylva, ta buɗe littafin, ta daɗe tana karatu ƙasa-ƙasa. Rana ta taɓa kan itatuwa. Ylva ta ɗago, muryar da ta fito ta wata dattijuwa ce, a shaƙe.

"Mun haƙura da ƙyalle. Mun haƙura da duwatsu. Kalma huɗun nan na gargaɗi kawai muke jira, shekara ɗari huɗu ba a taɓa hana mu ba."

"Wa ruwan ya sama?" in ji Berit.

"Autata. Tana kwance, ba fata a bayanta. Wannan ta iya wanke ciwo, na ga hannunta. Na riƙe ta."

Gunnel ta zube a kan tsakuwar. "Ni na zuba. Ki ɗauke ni."

"Me zan yi da hannun da ya ƙona ta?"

Berit ta yi tayin kwashe ƙyallen, muryar ta ce dole ne wannan, ba ciniki ba. Ta yi tayin madara da kunun hatsi a gindin dutse duk daren Alhamis har abada, aka yi mata dariya. Ta ɗora yatsa a kan wuƙar, ta ambaci wani suna daga cikin littafin. Jikin Ylva ya ɗauki karkarwa.

"To, mu raba," in ji muryar. "Muddin rana na sama, taku ce. In ta faɗi, tawa ce, har autata ta warke."

"Yaushe za ta warke?"

"Mu ba ma saurin warkewa. Ba ma saurin mutuwa kuma."

Berit ta juyo. "Gunnel, kin san inda muke zaune. Disamba na nan tafe. Amma iyakar ƙarfina ke nan, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani," in ji Gunnel. "Na yarda."

Aka ji tsakuwa ta motsa kamar mutum na ratsawa, har gindin dutsen. Washegari da hantsi Ylva ta farka tana neman kofi, tana tambayar me ya sa kowa ke kuka.

Agusta ya yi musu daɗi, sun kusa mantawa. Torvald ya kwashe ƙyallen da gwiwoyin nan nasa, yana rarrafe. Amma kullum ranar na raguwa, kuma da ta faɗi Ylva kan sandare a inda take, ido buɗe, hannuwanta suna naɗa wani bandeji da ba mai gani. A Oktoba ta bar makaranta. A Nuwamba awa uku kacal suke samunta a yini.

Na shiga gidan ran goma ga Disamba. Wajen sha biyu saura, gefen rana ya leƙo ta kan tudu, ja, ɗan mitsitsi. Ylva ta ƙifta ido.

"Mama? Yau wace rana ce?"

Gunnel ta riga ta dafa kofi tun safe don kada a ɓata lokaci. Ta zuba, ta miƙa mata. Ylva ta kai baki ke nan hasken ya janye daga bango. Uwar ta tare kofin kafin ya faɗi, ta tsaya riƙe da shi.

Duk mun san a arewacin nan namu, daga yau ba za a sake ganin rana ba sai Janairu.