Baƙin Ɗigo A Lefen Muhsina

"A rufe akwatunan nan! A mayar musu da kayansu Gaya!"

Muryar Gwaggo Hure ce, yayar mahaifin Muhsina. Muhsina ta lallaɓa ta leƙa ta bayan labule. Matan garinsu Toranke da suka zo ganin lefe sun watsar da atamfofi da leshi, sun yi cincirindo a kan laftof ɗin da angonta Suhaib ya saka a akwatin ƙarshe saboda karatunta na jinya.

"Ku duba da kyau," in ji Gwaggo. "Baƙin ɗigo ne a gilashin kamar kashin ƙuda, na goge da bakin mayafi ya ƙi fita. Garba ya ce gwanjo ce. 'Yar Malam Kabo za a sa wa gwanjo a lefe?"

Garba ɗanta ne, shi aka kira ya kunna. Shi ne kuma ya nemi Muhsina bara ta ƙi shi, a watan da ta kai wayarta gyara shagon Suhaib a Gaya, suka haɗa ido, Suhaib ya rikice har ya miƙo mata wayar wani.

Muhsina ta tura wa Suhaib saƙo: "Masoyi, za a mayar da lefe. Wai kwamfutar gwanjo ce."

Amsa ta shigo nan take: "Wallahi sabuwa ce dal, hasken idona. Ɗigo ɗaya ne ya mutu a gilashin. Na kira shagon da na saya a Kano, sun ce garanti ba ya canza ta sai ɗigon ya kai biyar. Kar ki yi kuka, gobe ina tafe wurin Baba."

"Baba ba ya tsallake maganar Gwaggo. Tsoro nake ji."

Da mata suka tashi sallar la'asar, ta fito cikin sanɗa ta ɗauke laftof ɗin. Biyar suke so? Ai saura huɗu ke nan. Ta zare fil daga mayafinta, ta yi bismilla, ta danna a gefen ɗigon.

Ƙas!

Baƙi ya malale a gilashin kamar tawada ta zube. Ta toshe baki da hannu biyu.

Washegari da hantsi zaure ya cika. Ga Malam Kabo, ga Gwaggo a bakin ƙofa, ga Suhaib a durƙushe tare da kawunsa Alhaji Abdulmumin. Muhsina na maƙale a bayan ƙyaure. Aka buɗe laftof. Rabin gilashin baƙi ƙirin.

"Kun gani ko?" Gwaggo ta tafa hannu. "Kwana ɗaya tal ta ruɓe!"

Suhaib ya matso ya ƙura ido. Muhsina ta ga lokacin da ya hango ramin fil ɗin.

"Baba, laifina ne," ya ce a hankali. "Ni na kawo, a yi mini duk hukuncin da ya dace."

Malam Kabo ya dubi kawun. "To, Alhaji, sai ku kwashe..."

"Baba, ni ce!" Muhsina ta faɗo zauren ta zube a gaban mahaifinta tana kuka. "Ni na soka mata fil, don ɗigon ya kai biyar su canza. Tsoro nake kar a raba mu."

Malam Kabo ya shafa gilashin da ɗan yatsa har ya ji ramin.

"Suhaib, ka ga wannan?"

"Na gani, Baba."

"Ka yi shiru?"

Suhaib ya sunkuyar da kai.

Malam Kabo ya juya ga yayarsa. "Yaya Hure, lefen da amarya ta sa wa hannu har ta ɓata, da wane ido za mu mayar wa mutane? Kuma yaron da ya rufa wa 'yata asiri a gabana, ni na ba shi."

Gwaggo ta ja tsaki. "Ke kuma ja'ira, da fil ake gyaran kayan bature?"

Ranar Juma'a aka ɗaura. Da za a kai amarya, Gwaggo ce da kanta ta kama hannunta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka. Amma ki yi nesa da kayan shagonsa."

A ɗakinta na Gaya, Suhaib ya ɗaga mayafin yana murmushi. "Hasken idona, in ce ko babu fil a jikinki?"

Ta rufe fuska tana dariya. Sai suka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, wata baƙuwar murya ta yi sallama.

"Ina angon? Daga shagon Kano nake. Mun binciki lambar kwamfutar da ya bayar, ba ta cikin kayanmu. Tana cikin na sata da 'yan sanda ke nema."

Muhsina ta damƙe hannun mijinta gam.