Tarairayar Mai Gyaran Agogo

"Ka ba ni takardata kawai," na ce wa mijina, ina cusa kaya a jaka.

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta..."

"Auta me? Wata biyu da na yi ɓari, ko kalma ɗaya mai daɗi ban ji daga bakinka ba! Dubi bangon can. Kai ke gyara agogon kowa a unguwar nan, namu ya mutu ko kallonsa ba ka yi. Haka ka yi watsi da ni."

Mijina kenan, kafin ya yi magana sai ka yi furfura.

A gidanmu na tarar da Umma tana ba Baba magani, shekararsa biyu a kwance. Na amayar mata da abin da ke cikina ina kuka, har zancen agogon.

"Babanki ma bai iya daɗin baki ba," ta ce. "Amma ya tarairaye ni."

"Umma, ku da tsofaffin kalmominku. Tarairaya ba shagwaɓa mutum ba ce?"

"A'a, Auta. Ita ce ki riƙe mutum a hankali kamar ƙwai, ki kawar masa da abin da ke damunsa tun bai roƙa ba. Ba ta da surutu, shi ya sa mai gaggawa ba ya ganinta." Ta goge wa Baba baki. "Yaushe agogon naku ya tsaya?"

Sai na tuna. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ne. Ina kwance ina kallon kayan jaririn da ba mai sawa, na ce ƙarar agogon nan tana tsaga min kai. Ban ma san mijina ya ji ni ba.

Washegari da hantsi na koma, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Tun daga tsakar gida na jiyo agogon yana tafiya. Mijina na zaune a bakin gado, idanunsa jajir.

"Ka gyara shi..."

"Dama lafiyarsa ƙalau, batirin na cire," ya ce a hankali. "Da kika tafi, shirun ɗakin ne ya fi ƙarfina."

Sai hawaye suka zubo min. Ya dube ni, ya dubi jakar da ke hannuna. Sai ya jawo kujera ya taka, ya sauko da agogon, ya sake cire batirin.