Ɗan Akwatin da Auta Ta Jefa a Shara

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce autar gidansu. Ba ta da mugun hali, amma akwai ta da gaggawa. Kafin ka rufe baki ta kai bakin ƙofa.

Wani mako Kaka ta zo musu kwana bakwai. Ran Laraba da yamma Baba ya dawo daga aiki a gajiye. Ko takalmi bai cire ba ya buɗe kwamfuta.

"Inna, zo ki ji abin da na samo," in ji shi.

Muryar mahaifinsa ce, wato mijin Kaka, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce. An ɗauki muryar ne yana ba jikoki labari.

Baba ya kunna. Sai lasifika ta kama gunji kamar ƙudan zuma a tulu. Muryar tana can ƙasa-ƙasa. Kaka ta kasa kunne, ta kasa kunne, har ta gaji.

"Ku bar shi," ta ce a sanyaye. "Kunnen ma ya tsufa."

Tausayinta ya kama Auta. Ran Asabar da safe Kaka za ta tafi, kuma ba a san ranar dawowarta ba.

Tsakanin kwamfuta da lasifika akwai wani ɗan baƙin akwati, bai fi kwalin ashana ba.

"Baba, mene ne aikin wannan?"

"A cikin kwamfuta murya lambobi ce kawai. Shi ne yake mayar da lambobin su zama sauti."

"Na Kawu ya fi shi girma. Ya ce nasa mai tsada ne sosai."

Baba ya yi hamma. "Auta, yau ba ni da sauran ƙarfi. Ran Juma'a zan duba. Kada kowa ya taɓa."

Amma Auta ta riga ta yanke hukunci. "Araha ba ta ado," ta ce a ranta. "Wannan ɗan tsurut ɗin ne ya hana Kaka ji."

Ran Juma'a tana dawowa daga makaranta ta cire ɗan akwatin, ta jefa shi a kwandon shara. Ta kama hanyar gidan Kawu a ƙafa, cikin rana.

Da ta isa ta roƙi Kawu aron akwatinsa. Ya daɗe yana kallonta. "To, ga shi. Amma kafin rana ta faɗi ki dawo min da abina."

Akwatin Kawu yana da nauyi. Sau huɗu tana tsayawa ta huta. Da ƙyar ta iso gida.

Ta haɗa wayoyi, ta kunna. Gunjin nan dai yana nan. Ta kashe, ta sake kunnawa. Bai canza ba ko kaɗan.

"Ƙawata, ki huta haka nan," in ji Kaka. "Kin wahalar da kanki."

Auta ta ruga kicin. Kwandon shara wayam!

"Mama, ina sharar?"

"Na kai babban kwandon bakin layi. Lafiya?"

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Na Kawu zai koma, na Baba ya tafi. Daidai nan Baba ya shigo yana jan ƙafa. Ta faɗa masa komai tana kuka.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dai yi ajiyar zuciya, ya mayar da takalmin da ya fara cirewa.

"Tashi mu je. Ke za ki tona."

Haka ta yi ta tonon shara, tana toshe hanci, maƙwabta suna kallo. Kunya kamar ta nutse. Can ƙasa, cikin ɓawon ƙwai da na albasa, ta ga ɗan akwatin.

A gida Baba ya goge shi tas. Sannan ya durƙusa ya bi waya da hannu, tun daga kwamfuta har lasifika. Sai ga lasifikar an tura ta bayan kujera, fuskarta na kallon bango. Wayarta kuma ta zare rabi.

"Wa ya share falo ran Laraba?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce. Sauri nake yi, sai na ture ta."

Baba ya jawo lasifikar fili, ya danna wayar ta shiga sosai. Ya ɗauko tawul ya rufe akwatunan biyu.

"Juya baya. Zan kunna waƙa da kowanne. Ki faɗa min wanne ne mai tsada."

Ta saurari na farko, ta saurari na biyu. Duka ras suke fita.

"Na biyu ne mai tsada!"

Baba ya ɗaga tawul. Na biyun shi ne ɗan na shara. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Na Kawu abu ne mai kyau," in ji Baba. "Amma a ɗaki irin namu, da wuya kunne ya bambance su. Lasifika da waya da inda aka ajiye su, su ake fara dubawa."

Daga nan ya zaunar da Kaka kusa, ya kunna muryar. Tsohon ya yi ɗan tari, ya yi sallama, ya fara labari.

Kaka ta dafe ƙirji. "Shi ne! Har tarin nan nasa!" Tana dariya, hawaye na zuba. Sau uku ta sa aka maimaita.

Auta ta sake saɓar akwatin Kawu ta mayar masa. Ƙafafunta suna ciwo, amma ranta fari tas.

Daga ranar ta gane cewa tsadar abu ba ita ce kyansa ba. In abu ya lalace, a fara neman dalili kafin a ɗora wa mai araha laifi. Kuma in babba ya ce a jira, to a jira.